Dukan Yaro: Inda Horo Ya Tsaya, Nan Laifi Ya Fara

A unguwanninmu, daga Doubeli da Luggere har cikin Yola Gari, idan aka jiyo ihun yaro daga wani gida, abin da maƙwabta suka saba faɗa shi ne, "Ɗansa ne, ina ruwanmu?" To, ko babu ruwan maƙwabta, akwai ruwan hukuma.

Tun 2003 Najeriya ta kafa Dokar Kare Haƙƙin Yara, wadda ta ɗauki duk wanda bai cika shekara 18 ba a matsayin yaro, ta kuma hana a ji masa rauni, ko a azabtar da shi, ko a wulaƙanta shi. Jihohin Arewa sun daɗe suna jan ƙafa a kanta. A 2022 Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya sa hannu a kan ta Adamawa. Amma kada wani ya ɗauka sabon abu ne aka kawo mana daga Abuja, domin Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ta riga ta shata iyakar, kuma daga cikinta dokokin hukunta laifi na jihohinmu suka samo asali.

Wannan tsohuwar doka ba ta hana tarbiyya ba. Sashe na 55 ya yarje wa uba, da mai riƙo, da malamin makaranta su hori yaro, bisa sharaɗi biyu: kada horon ya wuce kima idan aka dubi shekarun yaron da ƙarfin jikinsa, kuma kada ya kai ga mummunan rauni. Nan ne mutane da yawa suke faɗawa tarko, don ba su san abin da doka take kira mummunan rauni ba. Karaya ko gocewar ƙashi yana ciki. Haka fitar haƙori, da lalacewar ido ko kunne, da tabon da zai ɓata fuska har abada. Akwai kuma wanda aka fi mantawa: duk raunin da ya sa rai cikin haɗari, ko ya bar mutum kwana 20 cikin azaba mai tsanani, ko ya hana shi harkokinsa na tsawon waɗannan kwanaki. Mari guda yana iya fasa dodon kunne. Wanda ya zane yaro da wayar wuta, ko ya tsoma masa hannu a tafasasshen ruwa saboda tsokar nama, ko ya zuba masa barkono a ido, ba zai fake da "gyara nake yi" a gaban alƙali ba. Addini ma ya hana dukan fuska.

Sashe na 238 ya tanadi ɗauri har na shekara 2 ga wanda ya gallaza wa yaron da ke hannunsa da gangan, ko ya yi watsi da shi, sannan har shekara 5 idan lafiyar yaron ta taɓu ƙwarai. Horo da yunwa ma gallazawa ne. Idan rai ya salwanta, magana ta koma ta kisan kai.

A lura, doka ta ce wanda yaron ke hannunsa. Ba ta tsaya ga mahaifi ba. Kishiyar uwa, da uwar ɗakin 'yar aiki, da ogan gareji, da malamin tsangaya duk sun shiga. Waɗanda ke ganin ba a taɓa malami su tuna da Rigasa a Kaduna, inda a Satumba 2019 'yan sanda suka fito da fiye da mutum 300, har da ƙananan yara, daga wani gidan mari, wasu da sarƙa a ƙafa, aka kuma kama masu gidan.

Abin da ya fi damuna shi ne rufa-rufa. Sai a kira dattawa, a ba da haƙuri, a shafa wa yaro man zafi, a mayar da shi hannun da ya karya shi. Sulhu alheri ne, amma ba da ƙashin yaro ake yinsa ba.

Wanda ya ga irin wannan ya fara da asibiti, ko na Ƙwararru da ke Jimeta ko na Koyarwa na Modibbo Adama, ya kuma nemi likita ya rubuta abin da ya gani, don tabo yana warkewa kafin a zauna shari'a. Daga nan sai ofishin 'yan sanda, ko Ma'aikatar Harkokin Mata ta jiha, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Mai tsoron a ce ya tona asirin maƙwabci yana iya bi ta hannun jauro ko limamin unguwa, su yi masa jagora.