Malaman jami'a da yawon daji: ilimin da tafin ƙafa ke kawowa

Tun shekara ta 1990, kowace ranar 16 ga watan Oktoba, malaman lissafi na ƙasar Ayilan da ɗalibansu sukan taru a bayan birnin Dablin, su bi bakin wata hanyar ruwa da ƙafa har zuwa wata ƴar gada mai suna Broom. A wannan hanya ce, a 1843, wani shaihin lissafi, William Hamilton, yana cikin tafiya da maiɗakinsa, ya gano amsar wata matsala da ta daɗe tana ci masa tuwo a ƙwarya. Don gudun kada ta kuɓuce masa, nan take ya karce ta a jikin dutsen gadar. Masu bin sawunsa a yau ba su ɗaukar allo ko alli. Tafiya ce kawai da hira, farfesa kafaɗa da kafaɗa da yaron da ya shiga jami'a bara.

Mai rumfa a babbar kasuwar Maraɗi zai iya cewa wannan yawon marasa aiki ne. To, jama'a, a dakata tukuna. A 2014 wasu masana biyu na jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada mutum 176, suka tarar sababbin dabaru sun fi zuwa wa mutum yana tafe bisa ga yana zaune, da kimanin kashi 60 cikin 100. Amma mu ƴan Nijar ba sai mun ƙetare teku neman shaida ba, domin babbarta tana cikin gonakinmu.

A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya sha wahalar dashen itatuwa a yankin Maraɗi suna mutuwa, ya tsaya a hanya don rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi. Da ya taka zuwa wani ɗan kurmi da ya saba wucewa a guje, sai ya ga ashe toho ne na kututturen icen da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan aikin da manoma ke kira sassaben zamani ya samu ƙarfi: a bar ƴan rassa masu ƙwari, a datse sauran, a kare su daga gatari da bisashe.

Abin mamaki shi ne abin da ya biyo baya. Shekara wajen ashirin gawo da kalgo da sabara suna komowa gonaki, daga Agye har Magarya, alhali takardun da ake rubutawa cikin biro-biro na Yamai da na Turai ba su da zance sai na hamada mai cin ƙasa. Sai daga 2004, lokacin da Mahamane Larwanou, masanin itatuwa ɗan ƙasarmu, da Chris Reij ɗan Holan, da Gray Tappan, Ba'amurke mai nazarin hotunan sama, suka riƙa sauka daga kat-kat suna shiga gonaki tare da masu su, sannan girman lamarin ya bayyana. Lissafin da ya fito daga baya ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Mai hoton sama yana ganin ɗigo-ɗigo baƙaƙe, bai san hannun da ya raya su ba. Masanin ice ya san sunan kowane, amma idonsa bai wuce gona goma. Manomi kuwa shi ya san shekarar da ya daina jin tsoron tarar ma'aikatan gandun daji har ya ɗauki icen gonarsa nasa ne. Da kowa ya zauna a kujerarsa, da ba a haɗa labarin ba. Gwamnati ma sai a 2020 ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa bisa itatuwan da ya raya.

Zuwa 2014 ƙasar nan ta samu jami'o'in gwamnati takwas: ta Abdu Mumuni a Yamai, sai Maraɗi da Damagaram da Tawa, sannan Agadas, Difa, Doso da Tilaberi da aka ƙara a 2014. Ina malamansu ke haɗuwa? Galibi a taron yajin aiki, ko a taron ƙara wa juna sani cikin ɗakin otal mai sanyi, inda ƙarami ba ya buɗe baki gaban babba, kuma (ma'aikata sun san abin da muke nufi) rabin hankali yana kan takardar kuɗin zama. Malamin tarihi da na ilimin ƙasa sai su shekara suna gaisawa a bakin ƙofa, ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ke bincike a kai. A kan turba kuwa rana ɗaya ke dukan kowa, gora ɗaya ake zagayawa da ita, kuma tambayar da kunya ke hanawa a zaure takan fito da kanta.

Sai dai wuraren tafiyar suna ƙanƙancewa. Dajin bedi da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965, rabon filaye da gine-gine sun ci babban yankinsa. Kure, garin raƙuman dawa, ta yi shiru tun harin 9 ga Agusta 2020 da ya hallaka mutum takwas. Dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi, ƴan bindiga sun sa ana shakkar shigarsa. Abin da ya rage kusa da hannu shi ne gonakin bayan gari, kuma ba su buƙatar kuɗin mai ko izinin minista. Wanda ya fita da sanyin safiya cikin watan Disamba, bayan an kwashe hatsi, zai tarar gawo ya yi ganye shar, lokacin da sauran itatuwa ke shirin kaɗe nasu.