Gubar da ke kwana cikin rumbu

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu. Daga nan kuma sai fargabar ƙwari ta tashi. A kasuwannin jahar Maraɗi, kamar sauran kasuwanninmu na kan iyaka, ana kasa maganin ƙwari a ƙasa, wani a leda, wani a kwalba, ba suna, ba takarda. Manomi ya saya ya barbaɗa wa masara ko dawa, hankalinsa ya kwanta. To, a nan gizo ke saƙa.

Maganin ƙwari iri-iri ne. Wani yakan lalace bayan ƴan kwanaki. Amma akwai masu naci irin su DDT, da dieldrin da aka yi ta fesa wa fara a ƙasashen Sahel har cikin shekarun 1980, da lindane wanda aka fi sani da Gammalin, da kuma endosulfan na gonakin auduga. Wasunsu kan yi shekaru cikin ƙasa ba su ruɓe ba. In sun shiga jikin mutum ba sa fita da wuri, cikin kitse suke taruwa. Uwa takan ba jaririnta ta hanyar nono ba tare da ta sani ba.

Abin da ke ruɗin jama'a shi ne, an ci tuwo yau ba wanda ya faɗi. Ita wannan guba a hankali take aiki, tana taɓa hanta da jijiyoyi. A shekarar 2015 cibiyar binciken cutar sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa lindane cikin abubuwan da ke haddasa sankara, ta ce DDT ma akwai zato mai ƙarfi a kansa.

Doka dai ta yi magana. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda ta fara aiki a 2004, ta hana dieldrin, ta kuma taƙaita DDT ga yaƙi da sauro da makamantansa. An ƙara lindane a 2009, endosulfan a 2011. Kwamitin magungunan ƙwari na ƙungiyar CILSS ya riga ya hana endosulfan tun 2007. Sai dai doka ba ta leƙa cikin leda.

Mata kan ce surfe da wanki sun isa. Suna ragewa, amma ba sa kawar da gubar duka, dahuwa ma haka. Dusar kuma akuya ko saniya ake ba, gubar ta dawo gida cikin madara da nama.

Mafita tana nan kusa. Buhun PICS mai riɓi uku, wanda masu bincike na INRAN a Maraɗi suka taimaka wajen gwadawa da yaɗawa tun 2007, ba ya buƙatar magani. A shanya hatsi ya bushe sarai, a ɗaure kowane riɓi tamau, ƙwarin su rasa iska su mutu. Tano ko jarka mai tsabta, wadda ba a taɓa zuba magani ko mai a ciki ba, ita ma tana yi in an toshe bakinta da kyau.

Wanda ya ga dole sai ya sa magani, ya fara tuntuɓar malamin gona. Irin shuka da aka gauraya da magani kuwa, kada a kai shi turmi ko da ana cikin yunwa. Magidanci, hatsin da ka ɓoye yau, ƴaƴanka ne za su sha furarsa da bazara.