Sulke da Sanyi a Cikin Motar Yaƙi

Motar sulke, wato motar yaƙi da aka lulluɓe da ƙarfe mai kauri domin tare harsashi da ɓarɓashin nakiya, ba ta da tagar da ake saukewa, don haka na'urar sanyaya iska ta zama dole a cikinta, musamman a zafin bazara irin na Kafanchan da Kaciya, inda makarantar sojojin igwa take. Na'urar tana matse wani sinadari har ya zama ruwa, sannan ta sake shi ya koma tururi yana zuƙe zafin cikin motar.

A watan Disamba na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da motar sulke mai suna Ezugwu a Kaduna, wadda kamfanin ƙera makamai na DICON, da aka kafa a 1964, ya ƙera tare da injiniyoyin soja. Ana yi wa irin waɗannan motoci ƙasa mai tsini kamar cikin kwalekwale, domin ƙarfin fashewa ya watsu gefe maimakon ya doki sojojin da ke zaune.