Kamun Kifin Argungu da Hikimar Hutar da Ruwa

Bikin kamun kifi na Argungu, a Jihar Kebbi, ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin don ƙulla zumunci tsakanin Sakkwato da Kabi. A kogin Matan Fada ake yin sa. Da an harba bindiga, sai dubban masunta su auka ruwa, kowa da homarsa da gorarsa, ana neman giwan ruwa mafi nauyi.

Sirrin yawan kifin shi ne hani. Sarkin Ruwa kan hana kamun kifi a wurin har shekara ta zagayo, kifi ya hayayyafa ya yi ƙiba. A 2016 UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun gargajiya na duniya.