Wa Zai Yi wa Mai Riƙe da Jaka Hisabi?

 Shirinmu na musamman na yau zai yi magana ne a kan dukiyar ƙananan hukumomi, da kuma mutanen da dokar ƙasa ta ɗora wa alhakin tambayar inda ta shiga.

Ranar 11 ga watan Yuli na shekarar 2024, Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a cikin ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36, ta yanke hukunci ta bakin Mai Shari'a Emmanuel Agim cewa kason da ƙananan hukumomi 774 suke samu daga asusun tarayya a riƙa zuba musu shi kai tsaye, kuma babu gwamnan da yake da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisar ƙaramar hukuma ya ɗora kantoma a gurbinta. An yi murna da wannan hukunci a kasuwanni da majalisun hira, murnar kuwa tana da dalili, domin kashi 20.60 cikin ɗari na abin da ake rabawa duk wata ba ƙaramar dukiya ba ce, ga shi kuma shekara da shekaru mutanen karkara suna jin an raba a Abuja, ba su ga alamarta a garinsu ba. Amma da ƙura ta lafa, sai mai lura ya ga muhawarar duka ta tsaya a kan hannun da jakar za ta shiga, na gwamna ko na ciyaman, alhali akwai wata mas'ala wadda ta girmi wannan, ta kuma fi ta nauyi, wato wane ne zai zaunar da mai riƙe da jakar, ko shi wane ne, ya buɗe littafi a gabansa, ya ce masa, ga abin da ya shigo, ina ya tafi?

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ma'abota tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, idan zai tura gwamna wani gari yakan sa a rubuta abin da mutumin ya mallaka, in ya ga dukiyarsa ta bunƙasa fiye da ƙima sai ya yi masa hisabi, ya mayar da wani sashe baitulmali. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a cikin Kitabul Farƙi, ya soki sarakunan zamaninsa a kan kuɗaɗen da suke ɗora wa talakawa ba bisa shari'a ba. Da Turawa suka ci ƙasar, sai suka ɗauki sunan baitulmali suka sa wa ma'ajiyar En'e, wadda aka fara gwadawa a Katsina a zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Razdan Palmer, zuwa 1911 ta zama tsari a manyan masarautu. Aka sami Ma'aji da malamansa, da manyan littattafai, da kiyasin shekara, haraji da jangali suna shiga, albashin hakimai da alƙalai da 'yan doka yana fita. Lissafi kam an yi shi, ba a musun wannan, sai dai fuskarsa sama take kallo, wajen Razdan da Gwamna, shi kuwa manomin da ya sayar da gyaɗarsa ya biya haraji, da Bafulatanin da aka ƙirga wa shanu, babu wata ƙofa da za su bi su ji yadda aka yi da guminsu.

A cikin wannan hali ne, a watan Agusta na 1950, wani malamin makaranta daga Bauci, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, ya gabatar da ƙuduri yana neman a naɗa hukuma mai zaman kanta ta binciki tsarin mulkin En'e domin a gyara shi, ya ambaci cin hanci da rashawa da sunansu, ya nuna irin tazarar da ke tsakanin masu mulki da waɗanda ake mulka. In mai sauraro ya tuna cewa mafi yawan wakilan da ke zaune a wannan zaure En'e ce ta turo su, kuma a hannunta suke karɓar albashi, zai gane cewa maganar ba ta fito da araha ba, kuma ba ta yi wa sarakuna da yawa daɗi ba. Duk da haka ta yi aiki: aka sa jami'an mulki biyu, Maddocks da Pott, suka zaga lardunan Arewa suka rubuta rahoto, aka kawar da tsarin da ya bar wa sarki iko shi kaɗai ba tare da majalisarsa ba, har aka kai ga Dokar En'e ta 1954. Wakili ɗaya ne ya fara wannan, ba da rundunar 'yan sanda ba, da miƙewa tsaye kawai a wurin da aka ba shi damar magana.

Gyaran 1976, a zamanin Janar Obasanjo, ya kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a ƙasa baki ɗaya, kundin tsarin mulki na 1999 kuma ya gaje shi. To, a nan ne muke roƙon mai sauraro ya ƙara kasa kunne, domin abin da kundin ya tanada ya fi abin da ake faɗa. Sashe na 162, wanda ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, asusun da kowa ke tsine wa yau, shi ne kuma ya ce majalisar dokokin jiha ce za ta tsara yadda za a raba abin da ke cikinsa. Sashe na 128 ya ba majalisar ikon bincikar duk wata ma'aikata da ke kashe kuɗin da ta amince da su, domin tona almundahana da sakaci da almubazzaranci. Sashe na 129 ya ba ta ikon aika sammaci, wanda ya ƙi zuwa ba da uzuri ba a sa a kawo shi. Sashe na 125 kuma ya wajabta wa babban mai binciken kuɗi na jiha ya miƙa mata rahotonsa, ita kuma ta ba kwamitinta na asusun gwamnati ya duba. Ashe duk tsawon shekarun da ake kukan gwamnoni suna wawure kuɗin ƙananan hukumomi, akwai mutane a kowace jiha, zaɓaɓɓu, masu albashi da motoci da ofisoshi, waɗanda suke da cikakken iko na shari'a su tsayar da abin, ko aƙalla su sa a yi bayaninsa a bainar jama'a.

Mu bar takarda mu shiga gari. Ga asibitin sha-ka-tafi a wata gunduma, ɗaki biyu da rumfa, jami'in lafiya ɗaya ne yake zuwa ranar kasuwa, kabad ɗin magani babu komai cikinsa sai kwalayen da suka yi ƙura, firjin allurar rigakafi ya daɗe da mutuwa har an mai da shi wurin ajiye fayil. Mace mai naƙuda idan dare ya yi sai a ɗora ta a babur, a bi hanyar da damina ta cinye, a nufi babban asibiti. Bayan asibitin akwai rijiyar burtsatse wadda hannunta ya karye tun bara, yara mata suna wuce ta da jarkoki zuwa rafi. Kiwon lafiya a matakin farko, da makarantar firamare, da kasuwa, da tasha, da mahauta, da kwashe shara, duk kundin ya ambace su a cikin ayyukan da ƙaramar hukuma take yi ko take da hannu a ciki. Wannan gunduma tana da kansila, tana kuma cikin mazaɓar wani ɗan majalisar jiha, kuma da wuya a buɗe kasafin shekara ba a ga layin gyaran asibitoci da samar da ruwan sha ba. Abin da ya rage shi ne ranar da kwamishina ko ciyaman zai zo kare kasafin sabuwar shekara, wani ya riƙe na bara a hannunsa, ya karanta layin, ya faɗi sunan garin, ya ce kuɗin nan an sake su ko ba a sake ba, in an sake wa aka ba kwangila, kuma ba za a wuce wannan shafi ba sai an amsa.

Me ya sa wannan rana take wuyar zuwa? Ba don majalisa ba ta da ƙarfi ba ne. Majalisar tsohuwar Jihar Kaduna ta ƙi tabbatar wa Gwamna Balarabe Musa kwamishinoninsa, ta kuma tsige shi a watan Yuni na 1981, wanda ya nuna irin abin da take iyawa idan rigimar jam'iyya ta motsa ta, ko da yake ba irin wannan amfani da iko muke nema ba. Illar ita ce mafi yawan wakilai a hannun gwamna suka sami takara, a hannunsa suke jiran ta gaba, har ta kai ga a gyaran kundi na 2010 majalisun jihohi da kansu suka kasa amincewa da 'yancin cin gashin kansu ta fuskar kuɗi, kuma a gyaran da aka kammala a 2023 ƙudurin soke asusun haɗin gwiwa bai sami jihohi 24 da ake bukata ba. A ƙasa kuma al'amarin ya fi muni, domin bayan hukuncin kotu jihohi sun yi ta gaggawar shirya zaɓe, sai ga jam'iyyar da ke mulkin Kano a lokacin ta lashe kujerun ciyaman 44 duka, wadda ke mulkin Kaduna ta lashe 23 duka, haka nan kusan ko'ina. Kansilan da ya san ba ƙuri'ar maƙwabtansa ce ta kawo shi ba, da wace fuska zai tuhumi ciyaman?

Mu ma talakawa muna da namu kason na alhaki, kuma faɗinsa wajibi ne. Tun da gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a 1979, abin da ya kasance rahama ga bayin Allah da yawa, kuɗin hukuma suka koma zuwa daga nesa, daga rijiyoyin mai da ba mu taɓa gani ba, sai zuciya ta daina jin cewa namu ne. Muka mayar da ɗan majalisa mai rabon shinkafar azumi da biyan kuɗin asibiti da ragon suna, muna cika ƙofar gidansa da asuba da bukatun kanmu, shi kuma ya gane cewa buhun da ya raba ya fi tambayar da ya yi a zaure kawo ƙuri'a. Kyauta ba laifi ba ce, amma wanda aka zaɓa domin ya tsare amanar dukiyar al'umma, in ya bar wannan ya koma raba sadaka, ya bar farilla ya kama nafila.

Saboda haka idan kuɗin suka fara sauka kai tsaye a asusun ƙaramar hukuma, alhali majalisar kansiloli ba ta zama sai ranar karɓar alawus, rahoton mai binciken kuɗi yana kulle a durowa, majalisar jiha kuma tana jiran umarni daga gidan gwamnati, to asibitin nan da muka ziyarta zai ci gaba da zama yadda muka bar shi. Adadin abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu ana buga shi bayan kwamitin rabon arzikin ƙasa ya zauna, Dokar 'Yancin Samun Bayanai kuma tana nan tun 2011. Ƙungiyar ci gaban gari, ko limami da mai unguwa da malaman makaranta, suna iya samo wannan adadi, su rubuta shi a takarda tare da sunan asibitinsu da rijiyarsu, su kai wa kansila da ɗan majalisarsu kafin a gabatar da kasafin ƙarshen shekara, su nemi a faɗa musu ranar da za a tayar da maganar a zaure, su kuma tura wakilai su zauna a wurin 'yan kallo a wannan rana.