Mighty Jets Ta Jos, Ƙungiyar Da Ta Tara Kowa

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun, dattawan cikinku ba za su manta da Mighty Jets ba. Alhaji Isiyaku Ibrahim ne ya ɗauki nauyinta a Jos tun 1970, zamanin da ƙwallo bai zama sana'a ba.

Garin kuza ya tara kowace kabila, haka ita ma. Ga Isma'ila Mabo, ga Layiwola Olagbemiro, ga Sam Garba Okoye, duk riga ɗaya, alhali ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Su suka cinye gasar ƙasa ta farko a 1972.

Kofin Ƙalubale ne dai ya ƙi su. A shekarar nan sun yi 2-2 da Bendel Insurance a Ikko, aka sake karawa a Badun, aka ci su 3-2. A 1974 kuma Rangers ta Inugu ta hana su.