Wa Ya Faɗa? Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Yi wa Mutane Kuɗin Goro

Sau da yawa mutum yakan riƙe magana daram, amma ya manta bakin da ta fito. Masana halayyar ɗan Adam sun gano cewa tuna labari daban, tuna tushensa daban. A shekarar 1993, Marcia Johnson da abokan aikinta suka bayyana cewa ƙwaƙwalwa ba ta liƙa wa kowane labari sunan mai shi. Idan bukata ta taso, sai ta tattaro alamu, kamar murya da fuska da wurin da aka ji maganar, sa'an nan ta yanke hukunci. In alamun sun yi ƙaranci, sai ta koma ga zato.

To, a nan ne kuɗin goro ke shigowa. A 1978, a Amurka, Shelley Taylor da abokan aikinta suka sa mutane sauraren tattaunawar maza shida, uku baƙaƙe uku farare, ana nuna hoton kowane mai magana. Da aka tambaye su wa ya faɗi me, sai aka ga sun fi ɗora maganar baƙar fata a kan wani baƙar fata, ta farar fata a kan wani farar fata. Wato sun riƙe launin fata, sun saki mutumin.

Rabuwar hankali kan ƙara dagula al'amarin. A 1999, Jeffrey Sherman da Gayle Bessenoff suka ba mutane jerin ayyukan kirki da na mugunta, waɗansu na wani mutum guda, waɗansu ba nasa ba. Aka gaya wa waɗansu cewa limamin coci ne, waɗansu kuma cewa ɗan ƙungiyar tsageru ne. Waɗanda aka shagaltar da hankalinsu lokacin tunawa sun fi jingina wa limamin alherin da bai yi ba, tsageran kuwa sharrin da bai aikata ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a kotu, haka ma a makaranta. Malamin da hankalinsa ke kan allo yana iya jin baƙar magana daga bayan aji, daga baya ya rantse cewa yaron da ya yi suna wajen ƙiriniya ne ya faɗa, alhali kuwa zato ne ya cike giɓin. Saboda haka, kafin a ɗaga bulala, ya kamata malami ya tambayi kansa: ya ga bakin yaron ya motsa, ko kuwa maganar ce kawai ta yi kama da shi?